Mama Afiniki, Wadda Ta Sa Ƙashi Ya Rungumi Ƙarfe

Duk wanda ya saba bi ta mahautar Kafanchan da sassafe ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Doguwar mace ce mai furfura a goshi, tabarau rataye a wuya, bokitin roba mai murfi a hannu. Sauran mata suna cunkushe wajen tsoka da kayan ciki, ita kuwa sai ta zarce can baya inda ake tara ƙasusuwa. A nan Malam Nuru mahauci yake jiran ta, ya riga ya ware mata ƙashin cinyar bijimi, wanda bai tsage ba, bai kuma taɓa ƙasa ba.

"Mama, an tashi lafiya? Ga na yau. Bijimi ne lafiyayye, jiya aka kawo shi."

"Lafiya lau, Malam. Gatari bai taɓa shi ba ko?"

"Haba Mama. Da wuƙa na feɗe shi, yadda kike so."

Daga nan ta hau acaɓa zuwa wani ƙaramin ɗakin bincike da ke jingine da sashen haƙori na wani asibitin mishan a gefen gari. Ta ɗaura farar riga, ta dafa ƙashin har maiƙonsa ya fita tas, ta shanya, ta saka na jiya a tanderu. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta leƙa zomayen gwaji, ta share kejinsu, ta dawo ta zauna gaban madubin likita. Haka ta yi shekara da shekaru. Wasu a mahauta sun daɗe suna zaton karnuka take kiwo. Wata mai sayar da kayan miya ta taɓa rantsewa cewa magani take haɗawa. Ita dai ba ta taɓa tsayawa gyara musu zance ba.

Sunanta Afiniki Azariya. A watan nan ta ajiye aiki bayan ta haura shekara talatin tana yi. Ba a buga ta a jarida ba, ba a kira ta gidan rediyo ba. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da matar nan ta yi tun tana raye, tana ji da kunnenta.

A wani ƙauye da ke gindin duwatsun Kagoro aka haife ta. Sana'ar da ta fara koya ita ce haɗa haƙoran roba, irin waɗanda ake sakawa a cire. Hannunta yana da kyau, har daga Zonkwa da Kwoi ana zuwa neman aikinta. Amma akwai abin da ya riƙa ci mata rai. Sai ta gama aiki mai kyau, mutum ya tafi yana murna, bayan shekara ya dawo haƙoran suna rawa a bakinsa, domin idan haƙori ya fita, ƙashin da ke ƙarƙashinsa yakan riƙa lotsawa a hankali. Ta ga dattijon da haƙoransa suka faɗo cikin kwanon miya a gidan surukai. Ta ga malamar makaranta da ta daina dariya a gaban ɗalibai. Takan koma gida da su a zuciya.

Ana cikin haka Dakta Nicholas ya dawo gida daga ƙarin karatu, aka ba shi sashen. Likitan haƙori ne, ɗan ƙasar nan, mai yawan magana da son bincike. Wata rana ya kira ta, ya ɗora mata wani ɗan ƙarfe mai zare a tafin hannu, bai fi gaɓar ɗan yatsa tsawo ba.

"Anti Afiniki, kin san wannan?"

"Ya yi kama da noti."

"Kusan haka ne. Da wani ƙarfe ake yin sa, titaniyam, wanda jikin mutum ba ya faɗa da shi. Ana dasa shi a ƙashin muƙamuƙi, ya tsaya a madadin saiwar haƙori, sannan a ɗora haƙori a kansa. Ba cirewa, ba rawa. Amma fa sai ƙashin ya yarda. Sai ya tsiro ya kama shi ta ko'ina. In bai kama ba, aikin ya tashi a banza."

Ta juya ƙarfen a hannunta, ta ji santsinsa. "To yaya ƙashi zai kama abu mai sulɓi haka? Ko rumbu za a yi wa yaɓe, sai an karce jikinsa tukuna."

Ya yi dariya, ya ce ai abin da masana suka daɗe suna fama da shi ke nan. Suna karce jikin ƙarfen da yashi mai laushi da ruwan asid har ya yi ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Wasu kuma su ƙara masa shafe da irin sinadarin da Allah ya gina ƙashi da shi, don idan ƙashin mutum ya taɓa shi ya ji kamar ɗan'uwansa ya taɓa, ya matso da sauri. Irin waɗannan akwai su a waje, amma sun fi ƙarfin manomin citta da mai tallan doya. Sai ya sassauta murya ya ce sinadarin nan yana cikin ƙashin saniya, wanda ake zubarwa kullum a mahauta. In an ƙone shi da wuta mai tsanani, duk abin da ke na dabba zai ƙone ya tafi, sai farin gari tsantsa ya rage. Wasu jami'o'i sun gwada fitar da garin. Abin da ya rage shi ne a sa shi ya zauna a jikin ƙarfe, ya ƙi tashi.

"Ni ina da karatun," in ji shi, "amma marasa lafiya ba za su bar ni in zauna ba. Ina neman hannu da haƙuri. Za ki iya?"

Ta ce za ta gwada. Ba ta san gwajin zai cinye sauran ƙuruciyarta ba.

Wanda bai gani ba, ba zai gane wahalar aikin nan ba. Za a niƙa ƙashin da aka ƙone har ya fi garin alkama laushi, a dama shi cikin ruwan magani, a tsoma ƙarfen, a saki lantarki kaɗan don ya jawo garin ya manne a jikinsa, sannan a gasa. In shafen ya yi kauri, sai ya tsattsage ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. In ya yi siriri, sai ya narke tun kafin ƙashi ya iso gare shi. In wutar gashi ta yi yawa, ƙarfen ya lalace. In ta yi kaɗan, a goge da yatsa ya fita. Ga wutar lantarki da ba ta da alƙawari. Sau da yawa tanderu na tsakiyar aiki za a ɗauke wuta, kafin janareto ya tashi zafi ya sauka, aikin mako guda ya lalace. Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi zamani da ita ta gaya mini cewa ta sha ganin Mama Afiniki ta buɗe tanderu, ta dubi abin da ke ciki, ta ce, "To, mun san wannan hanyar ba ta ɓullewa," ta ɗauki bokitinta. Ba ta taɓa jin ta yi tsaki ba.

Ke ce kika yi wannan zaman, Mama. Waɗanda kuka fara tare wasu sun nemi canjin wurin aiki, wasu sun ce likita ya ɗora ki a kan aikin baban giwa. Murucin kan dutse, ba ki fito ba sai da kika shirya.

A ƙarshe shafen ya zauna. Aka karce shi, aka murɗa shi cikin busasshen ƙashi, aka jiƙa shi wata da watanni a ruwa mai kama da na jikin mutum, bai ɓare ba. Labari ya fara zagaya asibiti cewa an dace. A daidai wannan lokacin ne jarrabawar da ta fi tanderu zafi ta same ta.

Tana da aminiya, Mama Tamar. Tare suka tashi, tare aka yi musu baftisma a rafi ɗaya, Tamar ce ta riƙe wa Afiniki hannu ranar da aka binne mijinta. Mama Tamar ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta ekklesiyarsu. In ta ɗaga murya, mai buga tulu takan manta da hannunta. Wata shekara suna dawowa daga taron zumunta a Kasuwan Magani, tayar motarsu ta fashe, motar ta kife. Allah ya kiyaye rayuka, amma Mama Tamar ta bugi ƙarfen kujera da baki, haƙoranta na gaba na sama suka zube.

Afiniki ta haɗa mata na roba da hannunta, mafi kyawun da ta taɓa yi. Suna zama lafiya in magana za a yi. Amma da Tamar ta buɗe baki ta ja waƙa sama, sai su zame. Ranar da suka kusa faɗowa a gaban jama'a, ta miƙa wa wata mace waƙar, ta koma bencin baya. Ɗanta Kevin, da ke aiki a birni, ya kai ta wani asibiti can aka dasa mata irin ƙarfen nan. Ba a yi wata nawa ba suka fara motsi. Ƙashin wurin ya yi siriri saboda raunin, ga ciwon suga da ke hana jiki warkewa da wuri. Wata safiya tana wanke baki ɗaya ya fito a hannunta, aka cire ɗayan.

Da ta ji labarin abin da ake yi a ɗakin bincike, sai ta zo har wurin, da yamma bayan la'asar, ta zauna a kan benci ta kare baki da gefen ɗankwali.

"Afiniki, na ji an ce abin naku ya yi."

"Ya zauna a jikin ƙarfe. Ba mu san yadda zai yi a jikin mai rai ba."

"To ga mai rai ya zo. Ki gaya wa Dakta ya sa mini. In ke kin faɗa, zai ji."

"Ba zai ji ba. Ni ma ba zan faɗa ba."

Tamar ta sauke ɗankwalin daga bakinta. "Ki dube ni da kyau. Ni ne fa, Tamar. Ko zomo kina ba shi abinci da hannunki, ni ban kai zomo ba?"

"Don kin fi zomo ne, 'yar'uwa. In shafen nan ya ɓare a cikin ƙashinki, zai iya ruɓar da ɗan abin da ya rage. Daga nan ko na waje ba zai sake zama ba. Ban sani ba tukuna. Abin da ban sani ba, ba zan sa a bakinki ba."

"Zan sa hannu. In ya lalace, laifina ne."

"In ya lalace, bakinki ne."

"Sai yaushe ke nan?"

Afiniki ta sunkuyar da kai. "Shekaru."

Tamar ta tashi, ta gyara zaninta. "Allah ya ba ku sa'a da zomayenku," in ji ta, ta fita.

Daga ranar gaisuwarsu ta koma ta bakin ƙofar coci. Mata suka yi ta magana. Wasu suka ce Afiniki ta samu abin Turawa tana rowa. Wasu suka ce ilimi ya busar mata da zuciya. Tana jin su. Ranar Lahadi takan zauna tana kallon ƙeyar aminiyarta, wata mace tana ba da waƙar da ba ta kai ta Tamar ba, ita kuwa hawaye na taruwa a idonta. Ta san kalma ɗaya daga bakinta za ta iya sa a fara lallashin likita. Ta riƙe kalmar. Ni a wurina, ko a nan aka tsaya, ta ci a jinjina mata.

Aka samu izinin gwaji a kan zomaye. Likitan dabbobi ya zo ya sa su barci, aka dasa wa kowanne 'yan ƙananan ƙarafa a ƙashin ƙafa, wannan ƙafa mai shafe, waccan marar shafe, don a gwada bambanci. Sai jira, domin ƙashi ba ya gaggawa. Dole zomayen su rayu cikin ƙoshin lafiya na tsawon watanni, in ba haka ba duk wahalar ta zube.

Ana tsakiyar jiran nan gari ya rikice. Aka sa dokar hana fita, ba dare ba rana. Labarin ya same ta a wurin aiki. Motar asibiti ta tsaya za ta kwashe ma'aikata zuwa gida, 'yarta Ƙauna tana ta kiran waya tana kuka, "Mama, ki shiga motar nan, don Allah!" Ta dubi kejin, ta ce wa direba ya tafi. Ta kwana a kan benci kwana da kwanaki, tana shan garin rogo da ruwan tanki. Da abincin zomayen ya ƙare, ta tsinke duk ciyawar da ke harabar, har ta ƙare ita ma.

Unguwar su Malam Nuru tana bayan katangar asibitin. A irin kwanakin nan mutum ba ya son a gan shi kusa da katangar da ba ta mutanensa ba. Amma wata rana da hantsi ta ji abu ya faɗo tim a bayan ɗaki. Ta leƙa a tsorace, sai ga damin harawa. Wani ya biyo baya, sai ƙullin dusa, sai ledar ƙosai mai zafi.

"Mama!" ta ji murya ta bayan katanga. "Kina nan da rai?"

"Malam Nuru? Kai ne? Ka koma gida, sojoji suna zagayawa!"

"Yanzu zan koma. Na ce matar nan na san ta, ba za ta bar dabbobin nan ba. Ƙosan naki ne, in ji matata Binta. Kada ki ba zomo."

Haka ya riƙa yi kullum har aka sassauta doka. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Shekara nawa tana zuwa wurina, ba ta taɓa raina sana'ata ba. Ta zaunar da ni ta yi mini bayanin abin da take yi da ƙashin nan, kamar ni ma likita ne. To aikin ai namu ne." Zomo ko ɗaya bai mutu ba.

Ranar da za a duba sakamako, ba ta iya karya kumallo ba. Irin wannan gwaji ba ya yiwuwa sai an ɗauki ran dabbar cikin barci, ta kuwa san kowannensu da halinsa. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta fita waje har likitan dabbobi ya gama. Sannan ta share fuska ta dawo bakin aiki.

Dakta Nicholas ya ɗauko wata 'yar sifana mai allura a jiki, wadda ke nuna ƙarfin da aka sa kafin ƙarfe ya kwance. Ya fara da marar shafe. Ya murɗa, allura ta ɗan hau, ƙarfen ya saki. Ya koma kan mai shafe. Ya murɗa, allura ta wuce inda na farko ya saki. Ya ƙara ƙarfi, ta ci gaba da hawa. Jijiyar hannunsa ta tashi. Ya ɗago ya dube ta. Ya miƙa mata sifanar. Ta kama, ta murɗa, ta ji abin ya tsaya kyam kamar tare aka halicce su.

Bayan 'yan makonni aka dawo da yankan ƙashin da aka aika wata jami'a, an fere shi siriri kamar fatar albasa, an rina shi. Ta ɗora a madubin likita ta sa ido. Ga ƙarfen baƙi ƙirin a gefe guda. Ga sabon ƙashi ja-ja ya taso kamar saiwar gamji, ya bi kowane lungu na zaren, ya kutsa cikin ramukan da ta yi shekaru tana gyarawa ba tare da ta taɓa ganin amfaninsu da ido ba. Ta nemi inda shafenta ya ƙare ƙashi ya fara, ta rasa. Babu tazarar ko silin gashi. Ƙashin bijimi daga mahautar Kafanchan, wanda wuta ta cinye har ya zama toka, ya kira ƙashi mai rai, shi kuwa ya amsa.

Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, tabaranta ya jiƙe. "Ya Ubangiji," ta ce a hankali, "mu dai shafe muka yi. Wa ya gaya masa hanya?"

Wani zai zaci daga nan sai biki. Ina! Sai da aka sake gwajin. Sai da wasu masana a wasu wurare suka gwada da hannunsu suka ga haka ne. Sai da aka tabbatar babu wata cuta ko guba da ta rage a garin ƙashin, aka kuma koma haɗa shi a wani ɗaki na musamman a wani asibitin koyarwa, ita ce ta riƙa zuwa tana nuna musu yadda hannu ke yi. Sannan kwamitin da ke ba da izinin gwaji a jikin mutane ya yi nasa binciken. Shekaru suka ƙara shuɗewa kafin a ce a kawo mutane kaɗan na farko.

Kevin ya kawo sunan mahaifiyarsa. Aka auna jininta, aka ce sugan ya yi yawa, ba za ta shiga ba sai ya sauka ya zauna.

Washegari da asuba Mama Tamar ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe, sai ga Afiniki da takalmin roba a ƙafa, da ƙullin acca a hannu.

"Me ya faru? Wani ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Ɗauko takalminki, tafiya za mu yi. Daga yau ba ke ba lemon kwalba, ba ke ba shayi mai siga. Ga acca."

"Ke da kin ƙi ni?"

"Na ƙi ki a lokacin da ban sani ba. Yanzu na sani. Sa takalmi, rana tana fitowa."

Tamar ta tsaya tana kallon ta. Sai ta juya ciki tana gunaguni, ta fito da takalmi. Mutanen unguwa sun shaida, kusan shekara guda ana ganin tsofaffin nan biyu kowace safiya suna bin gefen layin dogo, ɗaya na mita, ɗaya na ja. Afiniki ce ke raka ta asibiti, ita ke tuna mata magani. A hanyar nan suka amayar da duk abin da ke cikinsu, suka yi faɗa, suka yi kuka, suka shirya. Sugan ya sauka, ya zauna.

Aka dasa. Aka rufe dasashi aka ce a jira wasu watanni. Ranar da aka buɗe, Mama Tamar tana kwance a kujerar likita, hannunta cikin na Afiniki, tana matse shi har yana zafi. Ta san yadda na farko suka yi. Dakta Nicholas ya juya ƙotar wani ƙarfen aikinsa ya ɗan ƙwanƙwasa kan dashen. Wanda bai kama ba yakan yi ƙara a dushe, kamar an bugi rubabben itace. Wannan kuwa ya ce ƙyal, tas, kamar an taɓa gilashi da cokali. Ya ƙwanƙwasa na biyu, haka.

"Mama," in ji shi, "ƙashinki ya karɓi baƙi."

A sujadar godiyar kaka ta shekarar, ina cikin cocin. Mata suka jeru da anko, mai tulu ta fara bugu. Sai aka ga Mama Tamar ta taso daga baya, ta ratsa ta tsakiya, ta tsaya a gaba. Ta buɗe baki gaba ɗaya, ba ɗankwali, ba tafin hannu, ta ja waƙar sama har inda ta saba kai ta, ta riƙe ta a can. Cocin ya ɗauki guɗa. Tsofaffi suka miƙe. Na waiwaya neman Mama Afiniki, na hango ta a inda take zama kullum, ba ta tashi ba, ta rufe ido, leɓɓanta suna bin waƙar.

Dakta Nicholas ya roƙe ni kada in rubuta cewa an gama. Ya ce mutanen da aka yi wa kaɗan ne, ana kan bibiyar su, sai an ga yadda abin zai yi bayan shekaru kafin a buɗe wa kowa. Na cika masa alƙawari. Ya kuma ce in rubuta cewa shi ya kawo tunanin, amma ba don matar nan ba da tuni tunanin ya mutu a cikin tanderu.

An yi mata liyafar sallama a harabar asibitin, ƙarƙashin mangwaro. Fasto ya yi addu'a, Malam Nuru ya kawo balangu da kansa ya ƙi a ce masa komai a kai. Da aka ba ta dama ta yi magana, ba ta fi jimla uku ba: ta gode wa Allah, ta gode wa abokan aiki, ta roƙi gafarar duk wanda ta ɓata wa. Wani ya yi barkwanci, ta tuntsire da dariya, a nan ne da yawanmu muka fara lura da giɓin da ke gefen bakinta. Ashe ta daɗe da rasa turamen haƙoranta biyu, da gefe ɗaya take tauna. Dokar gwajin ta hana ma'aikacin wurin shiga, ita kuwa ba ta taɓa ɗaga zancen ba.

Dakta Nicholas ya miƙe ya ce, "Anti, daga gobe ke ba ma'aikaciya ba ce. Zan kai maganarki gaban kwamiti."

"Akwai mutane a layi, Dakta?"

"Akwai, da yawa."

"To ka sa ni a bayansu."

Mama Afiniki, mun gode. Ke ce kika ƙi yi wa aminiyarki abin da take so, har kika iya yi mata abin da take bukata. Ke ce kika yarda a zage ki a kan gaskiya, ba ki rama ba, ba ki kuma sassauta ba. Mun gode a madadin waɗanda suka koma cin masara gasasshiya, da waɗanda za su yi dariya nan gaba ba tare da sun taɓa jin sunanki ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ja kwananki, ya sa layin nan ya iso kanki kina da ƙarfin tauna rake.

Ku kuma matasanmu da ke ɗakunan gwaji da asibitoci da makarantu, masu ganin kamar ba wanda ya san kuna yi, ga uwa kun samu. In aiki ya lalace, ku sake. In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ko da wanda kuke ƙauna ne ke roƙo. In kuma kuna Kafanchan, gidanta ba ɓoyayye ba ne. Ku je ku gaishe ta tun tana iya amsawa.